Takardar juri ta zo, shago kuma ba ya buɗe kansa

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci muna tsaye a bakin ƙofa kamar yadda muka saba, ana gaisawa ana tambayar mutan gida, sai wani ƙanenmu direban tasi ya jawo ni gefe ya zaro wata takarda daga aljihun jaket ɗinsa duk ta yamutse. Ya ce, "Yaya, kai da ka taɓa yin wannan abun, dan Allah ya zan yi in zille?"

Takardar kiran juri ce. Ga waɗanda ke gida ba su san abun ba, a nan Ingila manyan shari'o'in laifi ba alƙali ne kaɗai ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba, mutum 12 ake ɗebowa daga cikin gari su zauna su saurari shaidu su yanke. Su ne 'yan Hausar rediyo ke kira masu taya alƙali yanke hukunci, mu nan juri kawai muke cewa.

Kafin in buɗe baki har mutane sun kewaye mu. Wani ya ce jefa ta a bola, in an tambaye ka ka ce ba ta iso ba. Wani ya ce a'a, rubuta musu ka ce ba ka jin Turanci, mutumin da yake kwana yana hira da fasinja da Turanci. Wani dattijo da nake ganin girmansa kuma ya ce, "Kai ka jawo wa kanka, wa ya ce ka yi rajistar zaɓe? Ai ta nan suke kamo mutum." Aka yi ta dariya.

Ni dai ban yi dariya ba, kuma tun ranar abun yake cina.

Ra'ayina kenan tun daga farko, don kada wani ya karanta rabi ya ce na goyi bayan gwamnati: mai sana'ar kansa in takardar nan ta zo masa ya amsa, ya nemi a ɗaga masa zuwa lokacin da kasuwarsa ta yi sanyi, sannan ya je. Amma kuɗin da ake biyan mai sana'ar kansa a wannan aiki zalunci ne tsagwaronsa, kuma a kan kuɗin ya kamata mu yi surutu, ba a kan dabarun ɓuya ba.

Yadda ta same ni

Ni tela ne. Ɗan shago gare ni a Manchester, keke biyu da injin surfani ɗaya da teburin yanka, ba ni da yaro, in aiki ya yi yawa uwargida ke zuwa ta taya ni guga da saka maɓalli. Tawa takardar ta zo 'yan shekarun baya, na duba ranar da suka sa, na ɗauko kalanda, wallahi goman ƙarshe na azumi cif. Duk telan da ke karanta wannan ya san me nake nufi. Shadda jibge har rufi, atamfa da leshi kowace da sunan mai ita a jikin takarda an maƙala da fil, na karɓi kafin alƙalamin mutane, wasu ma tun daga Leeds da Bradford suka aiko. Abun da nake samu a wannan lokacin shi ke riƙe ni wata biyu ko uku.

Na zauna a kan kujerar keke na yi shiru. Shaiɗan ya raɗa min duk shawarwarin da aka ba ƙanen nan nawa, ba sai wani ya faɗa min ba.

Abun da ya cece ni shi ne na karanta takardar har ƙarshe, abun da yawancinmu ba ma yi. Kwana 7 suka ba ka ka amsa. In ka yi banza da ita ko ka ƙi zuwa, tara ce da za ta iya kaiwa fam 1,000. Amma a ciki an ce kana da damar neman a ɗaga maka sau ɗaya, ka ba su wasu ranaku uku da za ka iya a cikin wata 12 masu zuwa. Na rubuta musu gaskiya, na ce ni kaɗai ne a shago, wannan lokacin idinmu ne kuma shi ne kakar sana'ata, na ba su ranaku uku a Nuwamba lokacin da bukukuwan bazara sun wuce, anko ya lafa. Suka amince, ba wanda ya yi min tambayar ƙure.

To ka ga wannan rabin matsalar kenan, kuma ita mai sauƙin ce. Ragowar rabin ita ce kuɗi.

Fam 64.95

Kotu ba ta biyan albashi. Abun da take yi shi ne ta rage maka asara, kuma ta yi wa ragin iyaka. A kwana goman farko, in ka wuce awa huɗu a kotu, mafi yawan abun da za ka iya karɓa a rana shi ne fam 64.95. In awa huɗu ne ko ƙasa da haka, fam 32.47. Sai shari'a ta zarce kwana goma na aiki sannan ya koma fam 129.91. Kuɗin abinci fam 5.71 a rana, wanda in ka sayi sanwic da shayi a tsakiyar gari shikenan ya tafi har ka cika daga aljihunka. Kuɗin bas ko jirgin ƙasa suna mayar maka, in da motarka ka zo peni 31.4 kowane mil.

Wannan fam 64.95 ɗin tun 2010 yake nan daram ba a taɓa shi ba.

A lissafa. A ƙarshen 2010 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan fam 5.93 ne a awa, wato wunin awa takwas bai kai fam 48 ba, kenan a lokacin kuɗin juri ya ɗara ladan ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashin ya kai fam 12.21 a awa, awa takwas fam 97.68 kenan. Yau in wani mai shago ya ɗauki babban mutum aiki ya biya shi fam 64.95 a cikakken wuni, hukuma ce za ta kama shi, amma ita hukumar in ta kira ka da ƙarfin doka abun da za ta miƙo maka kenan, kusan kashi biyu cikin uku na abun da ita da kanta ta ce shi ne ƙarshen ƙasa.

Kwana goma, fam 649.50. Hayar shagona ba ta san ina kotu ba, kuɗin wuta bai sani ba, inshora ba ta sani ba. Shi kuma ƙanena direba motar ma ba tasa ba ce, haya yake biya duk mako ko ya fita ko bai fita ba, ga inshorar tasi da kowa ya san yadda take, kafin ya fara maganar abincin yara rabin kuɗin kotun ya riga ya tafi wurin mai mota.

Kuma wani abun da mutane ba su lura da shi ba, in mace ce mai sana'a a gida, mai yin abincin biki ko kitso ko lalle, ta biya wani ya riƙe mata yara don ta je kotu, kuɗin rainon ma a cikin wannan fam 64.95 ɗin yake, ba daban ba. Asarar sana'a da kuɗin raino duk tukunya ɗaya.

Ma'aikacin albashi fa? Doka ba ta tilasta wa mai kamfani ya biya shi ba, gaskiya ne, amma dole ya sake shi ya tafi kuma ba shi da ikon korarsa a kan haka, sannan manyan wurare da yawa da ma'aikatun gwamnati suna ci gaba da biyan mutum albashinsa cif ko su cike masa giɓin. Wanda muka zauna kusa da juna a ɗakin jira ma'aikacin ofis ne, ya ce min shi hutu ya samu, ya zo da littafi mai kauri. Ni kuma wayata tana ta kaɗawa a aljihu, Hajiya wance tana tambayar ko an gama rigar ɗaurin auren ƙaninta.

"To ai ka ba mu hujjar guduwa da kanka"

Na san abun da za a ce kenan. In kuɗin bai isa ba, me ya sa za ka ce mutum ya je?

Na farko dai dabarun nan da ake ba da shawara ba dabaru ba ne, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka ce ba ka jin Turanci alhali kana ji, ƙarya ce a takardar kotu, ita ma laifi ce mai tara, kuma kai da lasisin tasinka ke hannun ƙaramar hukuma ban ga abun da zai kai ka wasa da irin wannan ba. Wanda da gaske Turancinsa bai kai ya bi shari'a ba, wannan uzuri ne karɓaɓɓe, ya faɗa, ba abun kunya ba ne, ya ma fi a ce ya zauna yana gyaɗa kai a kan rayuwar wani bai fahimci komai ba. Cire suna daga rajistar zaɓe kuwa, ka yar da ƙuri'arka, ka lalata wa kanka suna wurin bankuna don suna duba rajistar nan in za su ba da bashi ko na gida ko na mota, duk don gudun kwana goma da mai yiwuwa sau ɗaya za su zo maka a rayuwa.

Mu 'yan Nijeriya da Ghana da Kamaru, saboda ƙasashenmu na cikin ƙungiyar Commonwealth, in mutum yana da takardun zama yana da damar rajistar zaɓe tun kafin ya karɓi fasfon ƙasar nan, abun da wasu baƙin da yawa ba su da shi. Kuma sharaɗin juri kenan, ka kasance a rajista, shekararka tsakanin 18 da 75, ka zauna a ƙasar shekara biyar tun bayan da ka cika 13. Kwamfuta ce ke zaɓo sunaye haka kawai, ba wani ya sa maka ido ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Amma ba tsoron tara ba ne babban dalilina. Babban dalilina shi ne abun da na gani da idona a ɗakin jiran nan.

Ɗaki ne babba, kujeru a jere kamar na filin jirgi, talabijin a bango ba mai kallo, mutane sun fi ɗari a ranar Litinin ta farko. Na ɗaga kai na ƙare wa jama'a kallo. 'Yan fansho da yawa, ma'aikatan ofis, malaman makaranta, 'yan ɗalibai kaɗan. Na yi ta neman irina, mai gyaran famfo, mai aski, direba, mai kanti, wanda in bai fita ba ba a ɗora tukunya, ban ga da yawa ba. A ƙasar da masu sana'ar kansu sun haura miliyan 4. Sannan da aka shiga da mu sama, ka dubi waɗanda ake kawowa gaban kotu, ka dubi waɗanda aka cuta suna ba da shaida, da yawansu daga irin unguwanninmu suke, irin rayuwarmu suke yi.

Akwai abubuwan da sai wanda ya yi rayuwar yake gane su. Me ya sa mutum zai riƙe tsabar kuɗi masu yawa a gida, mu mun san adashi, wani bai taɓa jin sunansa ba, shi a wurinsa alamar rashin gaskiya ce. Me ya sa yaro zai sunkuyar da kai ya ƙi kallon babba cikin ido, mu tarbiyya muke kiransa, wani zai ce ɓoye-ɓoye ne. Me ya sa mutum zai ce wane ɗan'uwana ne alhali ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Wannan ba daga shari'ar da na zauna na ɗauko ba, abun da aka tattauna a ɗakin yanke hukunci doka ta hana a faɗa har abada kuma ba zan faɗa ba, misali ne kawai nake bayarwa. Amma ranar da ɗanka ko ɗan maƙwabcinka zai tsaya a akwatin wanda ake tuhuma, Allah Ya kiyaye, za ka so a ce cikin mutum 12 ɗin nan akwai ko da ɗaya da ya san waɗannan abubuwan. In kowannenmu ya jefa takardarsa a bola, wa zai zauna?

A 2017 ɗan majalisa David Lammy ya fitar da rahoton binciken da gwamnati ta sa shi a kan yadda tsarin shari'ar laifi ke mu'amala da baƙaƙe da sauran tsiraru. Ya samu bambanci a matakai da dama, amma da ya zo kan juri sai ya ce nan kam abun ya yi kyau, yawan waɗanda suke samu da laifi kusan ɗaya ne ko fari ne ko baƙi ko ɗan Asiya. Wato wurin da aka fi yi mana adalci shi ne wurin da muke koya wa juna yadda za a gudu daga gare shi. Abun mamaki kuma shi Lammy ɗin ne, bayan ya zama ministan shari'a, a Disambar 2025 ya sanar da shirin rage shari'o'in da za a riƙa kai wa juri, saboda shari'o'in da suka taru a manyan kotuna sun haura 70,000. Ana shirin rage mana kujerar, mu kuma muna rige-rigen tashi daga kanta.

"Aikin ƙasa ne, ba kwangila ba"

Wannan kuma daga ɗaya ɓangaren yake zuwa, masu cewa bai kamata a yi maganar kuɗi ba sam, hidima ce kowa ya sadaukar. Na yarda hidima ce, ban ce a mayar da ita sana'a ba. Amma ku shiga ɗakin shari'a ku ƙirga. Alƙali da albashinsa, lauyoyin ɓangare biyu ana biyansu, magatakarda, masinjan kotu mai baƙar riga, tafinta, masu gadi a ƙofa, har mai share ɗakin. Mutum 12 da aka ɗora wa nauyin da ya fi na kowa, su ce eh ko a'a a kan 'yancin ɗan Adam, su kaɗai ne ake so su koma gida da ƙasa da abun da suka fito da shi. Kuma cikin 12 ɗin ma ba daidai ake sadaukarwar ba, mai albashi bai rasa ko peni ba, ɗan fansho bai rasa ba, mai hannu baka hannu ƙwarya shi ke biya wa kowa.

Har zuwa farkon shekarun 1970 a ƙasar nan sai mai gida ko mai dukiya ake kira juri, dokar 1972 ce ta cire wannan sharaɗin, aka ce kowa ya zo. A 2003 kuma aka yi dokar da ta cire wa likitoci da lauyoyi da 'yan sanda har da alƙalai kariyar da suke da ita, aka ce su ma su zo, don juri ya yi kama da al'umma. Da kyau. To amma in ka buɗe ƙofa ga kowa sannan ka bar kuɗin ya daskare shekara 15 farashin komai yana hawa, ai ka dawo da tsohon sharaɗin ne ta taga, sai mai hali ne zai iya zama hankali kwance.

Kuma hankali kwance ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da yake zaune yana lissafin hayar mota a ransa, yana addu'ar a gama yau kada a kai Litinin, ba shi ne kake so ya auna shaidar da za ta ɗaure wani shekara goma ba. A 1670 a kotun Old Bailey ta Landan an kulle 'yan juri kwana biyu ba ci ba sha don a tilasta musu su kama wani mai wa'azi, William Penn, da laifi, suka ƙi, har yau akwai allon tunawa da su a bangon kotun, Turawa suna alfahari da labarin. Yanzu ba mai kulle kowa, amma yunwar tana nan, ta aljihu ce kawai.

Ba Ingila kaɗai ba ce, kotunan tarayya na Amurka dala 50 suke bayarwa a rana, a Ghana ma inda mutum bakwai ke zaman juri a manyan shari'o'i irin na kisa, an ga 'yan jurin sun ajiye aiki saboda an riƙe musu alawus. Kamar dai duk inda aka je an ɗauka cewa mai wannan aikin iska yake ci.

Ɓata lokacin ya fi kuɗin ciwo

Wannan sai wanda ya je. Kwana biyun farko ban ga ko ƙofar ɗakin shari'a ba, muna zaune daga safe, can wajen sha biyu a ce ku tafi gida, ku duba saƙo da yamma. Ranar kenan fam 32.47. Mai albashi sai ya koma ofis ko ya wuce gida, ni kuma na riga na gaya wa kwastomomi mako biyu ba na nan, wanda zai zo awo na ɗaga masa, sai in koma shago in zauna ni da keke. Wata rana a ce gobe kada ku zo, ƙarfe biyar na yamma ake gaya maka, wa za ka kira ya kawo ɗinki a wannan lokacin? Mai gyaran wuta ko mai fenti da ya soke ayyukan mako biyu ba zai iya dawo da su cikin dare ɗaya ba.

A rana ta uku aka kira sunana, aka hau da mu kusan 15, magatakarda ya cuɗa katuna ya zaro 12, ina ciki. Aka tambaye ni da me zan rantse, na ce Alƙur'ani, aka kawo shi a naɗe cikin kyalle, dama na yi alwalata tun a ƙasa. Na rantse da Allah zan saurari shari'ar nan tsakani da gaskiya in yanke bisa shaida. Wallahi sai da gabana ya faɗi, daga wannan lokacin na manta da shadda da leshi. Kwana huɗu muka yi, da hutun rana in sauka ɗakin ibada in yi azahar, da dare in buɗe shago daga bakwai zuwa sha ɗaya in rage abun da ya samu.

Wasu sun ce min ya halatta ma Musulmi ya zauna a irin wannan? Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abun da zan iya faɗa shi ne aikin da aka sa ni: ba ni na kafa doka ba, ba ni na yanke ɗauri ba, wannan na alƙali ne, ni tambaya ɗaya aka yi min, shin shaidar da ka ji ta tabbatar maka ya aikata? Mu da muka taso ana kiran dattawan unguwa su zauna su ji ta bakin kowa kafin a ce wane ne da gaskiya, abun bai yi min baƙo ba.

In ta zo maka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka amsa cikin kwana bakwan nan, ka zaɓi lokacin da ka san kasuwarka tana barci, ka tuna ɗagawar sau ɗaya ce don haka kada ka ba da ranar da ka san Babbar Sallah ko hutun Kirsimeti zai faɗo ciki in lokacin cinikinka ne. In da gaske rufe shagon zai kashe sana'ar, ba ragi kawai ba, kana iya neman a ɗauke maka gaba ɗaya, suna duba irin wannan ga mai ƙaramar sana'a, amma da hujja a rubuce, kuma sun fi son ɗagawa a kan yafewa. In aka zo zaɓen doguwar shari'a, wadda za ta wuce mako biyu, ana tambaya tukuna wa ba zai iya ba, nan ba wurin kunya ba ne, ka faɗa wa alƙali halin da kake ciki. An taɓa yin shari'ar zamba a kan aikin layin jirgin ƙasa na Jubilee a Landan da ta ci kusan wata 21 sannan ta rushe a 2005 ba tare da hukunci ba, ka yi tunanin tela a ciki.

Ka duba inshorar gidanka ko ta sana'arka, wasu suna da sashen da ke biyan asarar zaman juri, mutane suna biyan kuɗinsa shekara da shekaru ba su sani ba. Ka adana tikitin bas da na jirgi. In ka yi, shekara biyu kana da damar cewa a'a in sun sake kira.

Sai fom ɗin asarar mai sana'ar kansa, wanda ake so ka haɗa da hujjar abun da kake samu, yawanci takardar harajinka ta ƙarshe. Nan ne na ga wani abokina ya yi tsuru-tsuru, don abun da ya saba gaya wa hukumar haraji yana samu a shekara, in aka raba shi kwana-kwana ko fam 64.95 ɗin bai kai ba. Na ce masa to Alhaji, ai ba za ka zama talaka a Janairu wurin biyan haraji ka zama attajiri a Nuwamba wurin karɓar kuɗin kotu ba.

Abun da nake so a gyara ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. A ɗaure kuɗin nan da mafi ƙarancin albashi ya riƙa hawa tare da shi duk Afrilu, mai sana'ar kansa a biya shi gwargwadon abun da takardar harajinsa ta nuna har zuwa wata iyaka mai ma'ana, a raba kuɗin raino daban, kuma a riƙa biya duk mako maimakon sai an gama ka cike fom ka zauna jira. Za a ce ba kuɗi. Kullum ba kuɗi, amma ranar da shari'a ta watse don an rasa ɗan juri ko aka ɗaga ta wata shida, asarar wannan ranar ta fi abun da za a ƙara wa mutum 12 nesa. Muna da 'yan majalisa, suna zama su saurari mutanen mazaɓarsu, mun iya cika musu ofis a kan maganar biza, ban taɓa jin wani namu ya je a kan wannan ba. Ni na rubuta wa tamu, amsar da na samu ta ladabi ce ba komai a ciki, zan sake rubutawa.

Ƙanen nawa ya zo shago ranar Asabar da daddare bayan ya ajiye fasinjan ƙarshe. Na ture shaddar da ke kan teburin yanka, muka buɗe wayarsa muka cike amsar tare. Ranar da suka sa masa tsakiyar Disamba ce, lokacin da direban tasi ke samun na shekara, ya ba su ranaku uku bayan sabuwar shekara lokacin da gari ke mutuwa kowa ya ƙarar da kuɗinsa. Ya ce zai yi wa mai motar magana ko zai yarda ya mayar masa da ita na mako biyun ya huta da biyan haya. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Yaya, to shi kuɗin fakin fa, suna biya?" Na ce ya tambaye su tun kafin ranar, don ba kowace kotu ke biya ba, in kuma yana son shawarata ya hau bas.